Kwabban Rufin Ɗakin Iya

Idan akwai abin da na tabbata zan koma ga Allah ban manta da shi ba, to bazarar nan ce da na hau rufin ɗakin mahaifiyata da guduma a hannu, ina farautar wasu haruffa biyu da ba su kai ƙwayar gero girma ba. Ko na so in manta ma, 'yan gidanmu ba za su bari ba. Har yau in hadari ya haɗu a Gashuwa, sai an sami mai kirana a waya ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ina kusa da rufin wani.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare. Na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ina kuma da tabarau. Tabarau ɗin nan ya cuce ni ba kaɗan ba. A unguwarmu ni ne mai cike wa mutane takarda, ni ake kawo wa kwalin magani in karanta, ni ake tambaya in rediyo ta faɗi abin da ba a gane ba. In mutum ya yi shekara ashirin ana ce masa "Malam, duba mana", wata rana zai fara yarda cewa babu abin da ya fi ƙarfin dubawarsa. Ni dai na yarda, har na zarce.

Abin ya faro ne a ofishin malamai. Wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana dariya, wai in ga haukan Turawa. Wani Ba'amurke ne sanye da farar safar hannu, ya kwantar da ɗan ƙaramin kwabonsu na sent ɗaya a kan ƙyalle kamar jariri, yana nuna wasu haruffa biyu a bayansa. Wai in haruffan sun matsu har sun kusa taɓa juna, wannan iri ɗaya ne, in kuwa sun ba da 'yar tazara, wani iri ne daban. Ɗaya ko alawa ba zai saya maka ba, ɗayan kuwa masu tara tsofaffin kuɗi rububinsa suke yi. Na yi dariya tare da kowa, na ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Da na koma gida na sa aka turo mini bidiyon, na yi ta kallonsa har cajin wayata ya ƙare.

Daga nan sai na ce, to namu fa? Ai mu ma mun yi kwabo, wannan mai huji na zamanin Turawa. Na duƙufa bincike a waya, na bar jarrabawar yara a jaka ba maki. Na gano cewa gefe ɗaya na kwabon tauraro ne mai tsini shida da shekarar da aka buga shi, ɗaya gefen kuma kambin sarauta ne a saman hujin, sunan sarkin Ingila ya zagaye baki, wasu har da ɗan rubutun Larabci. A wannan gefen mai kambi, daidai ƙarƙashin hujin, akwai inda ake sa alamar gidan da ya ƙera shi. Wani za ka ga H, wani K da N a jere, wani kuma ba komai. Mai H yana nan birjik. Amma akwai wata shekara da in ka sami mai K da N, to ka yi gamo. Na haddace shekarar nan fiye da yadda na haddace shekarun 'ya'yana. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne ƙasan shafin, inda ake bayanin yanayin da masu saye suke son kwabon ya kasance. Wa yake da lokacin ƙasan shafi, bayan saman shafi ya riga ya saya masa mota?

Na sayi madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Na ware littafi guda, na ja layi, na rubuta "shekara" a nan, "harafi" a can, kamar mai shirin kafa gidan tarihi. Na bi tsofaffin unguwa ina tambaya ko suna da kuɗin da. Wata ta ba ni anini biyu da ta ciro daga ƙasan adaka, wani ya ce jikokinsa sun yi wasan dara da nasa sun zubar. Wata tsohuwa ma ta tambaye ni ko magani aka ce in haɗa, ta yi mini addu'ar samun lafiya. Na yi sati uku a haka ban sami abin kirki ba. Sai wata rana da yamma ina zaune a tsakar gida ina tsaki, na jingina da bango, na ɗaga kai. Rana ta karkata tana dukan rufin ɗakin Iya, sai ga su nan layi-layi suna ƙyalli.

Iya mahaifiyata ce, haka muke kiranta. Mahaifinmu kafinta ne, ya rasu da daɗewa kafin wannan lamari. Shi ya gina mata ɗakin nan na ƙasa, shi ya rufa shi da kwano da hannunsa, kuma kowace ƙusa da ya buga sai da ya zura ta a hujin kwabo, ya sa guntun robar tayar keke a ƙarƙashi, sannan ya danna. Kwabon ne yake danne kwanon, robar kuma ta hana ruwa bin ƙusa. Mun tashi muna ganinsu har mun daina ganinsu. Da Allah Ya hore mana, ni da 'yan uwana muka haɗu muka gina mata ɗakin siminti a gefe, da silin, da fanka, da taga mai gilashi. Ta shiga ta duba, ta sa mana albarka, sannan ta zuba albasa a ciki ta koma ɗakinta. In aka matsa mata, amsarta ɗaya ce: kwanon babanku bai taɓa ɗiga ba. Kuma gaskiya ne. In ana ruwa takan zauna a bakin gado ta bar ƙofa a buɗe tana sauraron ƙararsa a kan kwano, ba ta son a yi mata magana a lokacin. Duk abin da ya rage mata na mahaifinmu, ɗakin nan ne da akwatin kayan aikinsa.

Washegari na aro tsani na hau. A nan na ci karo da matsala. Mahaifina, kamar ya san zai haifi irina, ya kifa kowane kwabo, tauraro yana kallon sama, gefen mai harafi yana manne da roba. Shekarar ma tsatsar ƙusa da datti sun rufe ta a yawancinsu. Ba yadda za a yi ka ga harafin sai ka zare ƙusar.

Na sauko na sami Iya tana tsince shinkafa a faifai. Na gaishe ta, na gyara zama, na gyara tabarau.

"Iya, kwabban nan na rufinki, da zan cire su in sa miki sabuwar ƙusa mai hula."

"Ɗiga yake yi?"

"A'a."

"To me ya yi maka?"

Sai na buɗe mata aji. Na yi bayanin Ingila, na yi bayanin gidajen ƙira, na yi bayanin masu tara tsofaffin kuɗi, na ce mai yiwuwa kujerar Makka tana kwance a saman kanta shekara da shekaru ba ta sani ba. Ta bar ni na gama tsaf, ba ta ɗago daga faifan ba. Sannan ta jefar da wata tsakuwa ta ce, "Babanku ne ya buga. Ka bar su inda ya sa su."

Na ce to. A raina kuwa na ce, ka ji illar rashin boko. Har tausayinta na ji, Allah Ya yafe mini.

Bayan kwana goma aka yi haihuwa a danginmu na Dagona, Iya ta shirya ta tafi, ta ce sai an yi suna za ta dawo. Ƙurar motar da ta ɗauke ta ba ta kwanta ba na sake aro tsanin. Matata ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallona. Ta ce gabas fa ta fara yin duhu da yamma-yamma, jiya ma ta ji ƙamshin ƙasa. Na ciro waya na nuna mata hoton rana guda goma a jere, na ce masana sun ce babu ruwa sai bayan kwana goma. Ta ce masanan nan a Gashuwa suke? Na ce ta koma kan tukunyarta. Ta koma, amma sai da ta ce ita dai ba ta ga komai ba, kuma in an tambaye ta za ta faɗi duk abin da ba ta gani ba.

Duk wanda bai taɓa zama a kan kwano da rana a bazarar Gashuwa ba, kada ya ce ya san zafi. Na shimfiɗa buhu, na naɗe wando, na fara. Ƙusoshin mahaifina ba su san wasa ba. Sai na cusa bakin gudumar a ƙarƙashin kwabon, na danna da duk ƙarfina, sannan ƙusar ta fito tana kuka. In ta fito sai in ɓamɓare robar, in tofa wa kwabon yawu, in goge da gefen riga, in kafa madubi. H. Na gaba, H. Na gaba, ba komai. Na gaba, H. Gumi yana ɗiga a kan madubin, ina gogewa ina ci gaba, har da rubutawa a littafi, don kada tarihi ya yi asara. Maƙwabta masu wucewa suna ɗaga kai suna cewa, "Malam, sannu da aiki, Allah Ya yi albarka, haka ake son ɗa." Ni kuma ina amsawa da amin ba ko kunya.

A rana ta biyu, wajen hantsi, a layin da ke saitin gadon Iya, na ciro wani fari wanda ya fi sauran taurin kai. Sai da na sa ƙafa na taka ƙotar gudumar kafin ya saki. Na kankare tsatsar, na ga shekarar. Ita ce. Na juya shi, na kafa madubi, sai ga su nan su biyu a ƙarƙashin hujin, K da N, ƙanana, a tsaye kamar suna jirana tun kafin a haife ni. Wallahi sai da na yi hawaye. A zaune a kan kwanon nan na sayi mota, na kai Iya Makka, na ajiye aikin koyarwa, na kuma shirya maganar da zan faɗa wa shugaban makarantarmu ranar da zan tafi.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa na ce inda aka sami ɗaya ai ba za a rasa na biyu ba. Na bi sauran layukan na zare su kaf, na bar 'yan ƙusoshi kaɗan a kusurwoyi. Ban sake samun ko ɗaya ba. Da na zo mayar da sababbin ƙusoshin da na sayo, sai na ga suna nutsewa cikin tsofaffin ramukan kamar yatsa a kunu. Katakon ya bushe, ni kuma na faɗaɗa ramukan da fizga. Aikin ya koma na kafinta, kuma kafinta zai yi tambaya. Sai na yanke shawara irin ta manya: gobe in je Nguru in sayar da kwabon, jibi in zo da sabon kwano da sabon katako, Iya ta dawo ta tarar da abin mamaki. Kafin nan na ɗora bulo shida da tsofaffin tayoyi biyu a kan rufin, na tsaya daga ƙasa na duba, na ga ya yi daidai.

An ba ni labarin wani tsoho a kasuwar Nguru mai sayar da kayan da, wanda masu neman tsofaffin kuɗi daga Kano suke zuwa wurinsa. Da sassafe na saka babbar rigata ta sallah. Sauran kwabban na zuba su a gwangwanin madara, shi kuwa gwarzon na naɗe shi a auduga, na sa a ambulan, na sa a aljihun ƙirji. Tun daga tashar Gashuwa har Nguru hannuna yana kan aljihun nan, har wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ciwon zuciya nake da shi.

Na same shi can bayan 'yan bandar kifi, a wata 'yar rumfa da ƙamshin kifi ya riga ya zama nata. Tsoho ne siriri, Bamange, da tsaga a fuska, a gabansa tulin duwatsun wuya, tandun kwalli, mundaye da tsofaffin takubba. Ya yi mini sannu da yarensu, ya ce, "Wushe, wushe, Malam, zauna." Na zauna, na fara yi masa bayani da 'yan kalmomin Turanci a ciki don ya san da wanda yake magana. Ya saurara kamar yadda Iya ta saurara. Ashe tsohon ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma haruffan nan ya san su fiye da ni. H yana kiransa mai tsani, K da N yana kiransu 'yan biyu, wanda ba komai kuma yana ce masa maraya. Ya zazzage gwangwanin a kan tabarma, yana ɗauka yana shafawa da babban yatsa yana warewa gefe-gefe, ko madubi bai nema ba. Ya nuna mini yadda harafin gaske yake tasowa sama da fuskar kwabon, na jabu kuma a ciki ake sassaƙa shi. Ya nuna mini wani mai tsani da ya sha hannu har ƙafarsa ɗaya ta shafe, ya ce irin wannan ne yake ruɗar mutane su ɗauka wani harafi ne. Aikin da na yi kwana biyu ina yi a rana, ya gama shi kafin shayinsa ya huce.

Sannan na ciro ambulan. Ya warware audugar, ya shafa, ya kai shi bakin rumfa wurin haske, ya daɗe yana kallo.

"'Yan biyu ne," ya ce. "Shekara ma ita ce. Na gaske ne."

Na ji kamar in tashi in yi rawa da babbar riga. Sai ya ɗora kwabon a kan wani katako, ya danna gefensa da yatsa. Kwabon ya yi ta rangaji kamar murfin kwalba, don dukan guduma da danniyar ƙusa sun lotsa tsakiyarsa. Ya nuna mini zoben baƙi da roba ta bari. Ya kuma nuna mini wani sabon karce mai ƙyalli da ya ratsa ta gefen haruffan, ya ce wannan kam bai kwana uku ba. Na san gudumar da ta yi shi, na kuma san ƙafar da ta taka ta. Ya ce masu saye suna neman wanda ya kwanta a akwati bai ga rana ba, kuma ko irin wannan ɗin ne, ana maganar kuɗin ɗan akuya ne, ba mota ba. Nawa kuwa, in ji shi, ya daina zama kwabo tun ranar da aka buga masa ƙusa. Ya jawo wata tasa daga bayansa cike da irinsu, ya ce mata suna saye su yi wa yara ado a kitso, in ina so ya zuba nawa a ciki.

Ina zaune ina jin babbar rigar ta yi mini nauyi, sai ya sake ɗaukar ɗaya ya shinshina.

"Daga rufi ka ciro shi."

Na ce e.

"Rufin wa?"

"Na tsohuwata, Baba."

"Duka wannan?"

Na gyaɗa kai. Ya dube ni. Sannan idonsa ya wuce ta saman kafaɗata ya tsaya a can nesa.

"Malam, ka mayar da ƙusa?"

Na waiwaya. Duk wanda yake Nguru ya san inda Gashuwa take, gabas ce, kuma daga gabas hadari yake tasowa. Sama ta wannan ɓangaren ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, da jan ƙura a gindinta. Ban san yadda na kwashe kwabban na mayar a gwangwani ba. Ko sallama ban yi wa tsohon ba.

A tasha mota ta ƙi cika. Na kira matata, sai a kira na huɗu ta ɗauka, iska tana kaɗa maganarta. Ta ce Iya ta dawo tun kafin azahar, wai ta ga yanayin gari a Dagona ta ce ba za ta bar kayanta a shanya ba, suna ya yi albarka ko ba ita. Na ce ta fito da ita daga ɗakin yanzu-yanzu. Ta ce, "Ka zo ka fito da ita da kanka, kai da masananka." Wayar ta yanke. Na biya kujerun da suka rage muka tashi. Ruwa ya tare mu a hanya, irin wanda direba ba ya ganin gabansa, muka tsaya a gefen titi muna jira. A zaman nan na yi addu'o'in da ban san na iya ba, gwangwanin madara yana kan cinyata.

Bayan la'asar na isa. Tun daga bakin layinmu na ga fallen kwano guda a saƙale a darbejiyar maƙwabcinmu. Wani fallen yana kwance a kwata. Tayoyina biyu suna nan a tsakar gida lafiya lau, ba abin da ya same su. Ɗakin Iya kuwa a buɗe yake yana kallon sama, bangon gabas ya jiƙe ya zube ciki a kan gado, sauran bangayen suna tsiyaya. Ɗakin ƙasa in ya rasa rufi a ruwan farko, ya gama.

Matata ce ta ba ni labarin abin da ban gani ba, kuma da ma ba ta ba ni ba. Ta ce da iska ta fara ɗaga kwanon yana bugawa, ta ruga ta tarar da Iya a tsaye a kan gado, ta miƙa hannu biyu ta riƙe katakon rufin tana ja ƙasa. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, tana kokawa da iska. Da ƙyar ta ɓamɓare ta ta fito da ita, ta koma ta jawo akwatin kayan aikin mahaifinmu. Ba su kai ƙofar ɗakin siminti ba rufin ya tashi.

Na sami Iya a zaune a bakin ƙofar ɗakin simintin, cikin warin albasa, zaninta a jiƙe, akwatin yana gefenta. Na durƙusa. Na so ta zage ni, na so ta ɗauki muciya ta rafka mini a gaban 'ya'yana. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi babbar rigata da ta sha taɓo, ta ce in je in canza kaya kada sanyi ya kama ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban ƙi a ce ƙasa ta tsage in shige ba.

Da safe ta aika a kira ni, ta ce in zo da gwangwanin. Ta zazzage shi a cinyarta tana juya kwabban da yatsa. Sai ta fara magana, ba ni take kallo ba. Ta ce kuɗinta ne. Tana amarya tana soya kifi a bakin kogi, duk kwabon da ya yi saura sai ta jefa a wata tukunya da ta binne a ƙarƙashin gado, ba wanda ya sani, har mahaifinmu. Da aka yi canjin kuɗi ta ji tsoron fitowa da su, kada a ce tana ɓoye wa miji abu, ta yi ta jinkiri har aka rufe karɓa. Ranar da ta gane sun zama ƙarfen banza ta zauna ta yi ta kuka, a nan ya same ta, dole ta faɗa masa. Ta ɗauka faɗa zai yi. Sai ya tona tukunyar, ya ɗauki ɗaya ya leƙa ta hujin, ya ce mata ta share hawayenta, wahalarta ba za ta tafi a banza ba, a ƙarƙashinta za su kwana har su mutu.

"Yana sama, ina ƙasa ina miƙa masa," ta ce. "Ɗaya-ɗaya. Lokacin ina da cikinka."

Shekara arba'in da ɗoriya ina shiga ɗakin nan ina fita, ban taɓa tambaya ba. Na san abin da wani Bature ya rubuta a jikin kwabon, na san gidan da ya ƙera shi a Ingila, amma ban san yadda aka yi ya hau rufin gidanmu ba.

Can ta ce, "Wanne ne mai harafin?"

Na ciro ambulan na ba ta, na miƙa mata madubin. Ta kafa ido ɗaya, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce ita ba ta ga komai ba sai tsatsa. Ta tambaye ni ko shi ne ya fi sauran. Na ce haka aka ce. Ta jefa shi cikin 'yan uwansa, ta mayar da su gwangwani, ta rufe, ta girgiza sosai, ta tura shi cikin akwatin mahaifinmu.

Na kawo magina da kafinta a satin, na ce za a tayar da ɗakin yadda yake, a mayar da kowane kwabo inda aka ciro shi. Ta ce a bari, wanda zai buga ba ya nan. Aka kwashe ƙasar, wurin ya zama fili, jikokinta suna wasa a kai. Ta koma ɗakin siminti da muka daɗe muna roƙonta ta koma, kowa ya sami abin da yake so. Damina uku ta yi a cikinsa kafin Allah Ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai takan ce in ana ruwa shi ne, ɗakin nan mai silin ba a jin ruwa a cikinsa. Sai ta jawo kujera bakin ƙofa ta zauna tana kallon filin.

Gwangwanin yana wurina yanzu. 'Yan biyun suna ciki tare da masu tsani da marayu, ban sake neman su ba, madubin ma na ba mai gyaran agogo kyauta. Mutane suna nan suna kawo mini takarda in duba, ina kuma dubawa, sai dai yanzu har ƙasan shafi nake karantawa. Abin da bazarar nan ta koya mini bai da tsawo. Kafin in tambayi nawa baƙo zai sayi abu, sai in fara tambayar na gida yadda aka yi ya zo inda yake. Kuma duk abin da na tarar an kafa, komai ƙanƙantarsa, ba na zare shi sai na san me yake riƙewa.